Taswirar da Na Zana wa Inna

Wata huɗu na yi a Khartum kafin na daina firgita in na ji mota ta taka birki a bayana. Karatu ne ya kai ni, a shekarun nan da soja ke riƙe da ƙasar, ana kuma yaƙi a Kudu. Ɗaki ɗaya muka kama a unguwar Alsahafa ni da wani Mamman ɗan Maraɗi, mutumin da ko ruwa ba ya iya sha bai tsokani wani ba. Shi ya fara koya min abin da ba a koyarwa a aji.

"Sabi'u, abu biyu zan gaya maka," in ji shi, ran da na sauka. "Kada ka fita ba fasfo, ko da bayan gida za ka. Kada kuma ka tsaya kallon gada, ko bariki, ko gidan da ba allo a ƙofarsa. A ƙasar nan hoton gada ma laifi ne."

Na ukun da idona na gani, sunansa kasha. Soja su datse titi, su tsayar da hafila, wato ƙaramar motar haya, su sauko da duk wani saurayi. Wanda ba shi da takardar cewa ya yi aikin soja na dole, a tura shi bayan babbar mota da kayan jikinsa, sai sansanin horo, daga can sai Kudu. Mu baƙi fasfo ke fitar da mu. Na taɓa ganin wanda aka ɗauka da ledar burodi a hannu, yana roƙon mutanen cikin mota wani ya kai wa uwarsa labari, yana ta maimaita sunan unguwarsu. Ba wanda ya ɗaga kai, har da ni. Tun daga ranar na ɗinka aljihu a cikin singiletina, nan takarduna suke kwana su tashi.

Bayan karatu, akwai saƙon da na taho da shi daga gida. Innata tana da wa, Kawu Haruna, wanda ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙafa tun tana 'yar shekara bakwai. Guzuri ya ƙare masa a Jazira, yankin noman auduga na Sudan, ya tsaya tsinkar auduga, tafiya ta zama zama. Labarinsa na ƙarshe wani alhaji ne ya kawo, wai yana wajen Umdurman. Inna ba ta roƙe ni tsarabar komai ba sai shi.

"Ka gano min shi," ta ce. "Ka duba min inda yake kwana, ko akwai inuwa, ko ruwa na kusa, su wa ke maƙwabtaka da shi. Kada ka dawo min da 'yana nan lafiya' kawai, na san halinka."

Duk Juma'a sai in ƙetare kogi zuwa kasuwar Umdurman ina cigiya. Na sha wahala, na sha dariya. Wani mai farar jallabiya, hakimi sak, ya rantse min ya san Haruna Bahaushe kamar yunwar cikinsa. Ya ja ni lungu-lungu har kasuwar raƙuma, ya ce in ba shi agogona ya nuna wa mai gadi a matsayin shaida, ya shiga wata ƙofa. Har la'asar ina tsaye ina korar ƙuda. Ashe ƙofar lungu ce mai ɓullewa ɗaya titin. Mamman ya yi mako guda yana tambayata ƙarfe nawa.

Wadda ta taimake ni mai shayi ce, Hajja Batul, tana zama gindin wata dalbejiya kusa da masu gasa nama. Shayinta ya ƙona ni, na ce "wash" na haɗa da ashar, sai na ga ta ɗago ta dube ni.

"Kai ɗan ina ne, mai bakin nan?" ta ce, da Hausa.

Wallahi saura kaɗan in yi kuka, don rabona da jin muryar mace da Hausa tun gida. Na zayyane mata komai. Ta saurara tana fifita gawayi, ta ce ba ta san shi ba, amma in dawo Juma'a mai zuwa. Na dawo, ta tambaye ni sunan unguwarmu da sana'ar kakana. Na sake dawowa, ta ce wane suna ake kiran innata da shi tana ƙarama. Raina ya ɓaci, na ce, "Hajja, in ba ki san shi ba ki sallame ni, ni ba alƙali na zo gani ba." Ta yi dariya, ta ce zafin zuciyar gidanmu ne, ta gani. Na ce Talatu ake ce mata. A Juma'a ta huɗu ta rage murya, ta matso da kujerarta.

"Ka hau hafilar da ke yin kudu ta bakin kogi. Za ka ga hayaƙin kamina, inda ake toya jan bulo. Kada ka sauka a nan. Ka wuce har masallaci mai koriyar hasumiya, ka sauka, ka sayi wani abu a kanti. Sannan ka gangara bakin ruwa ka dawo baya a ƙafa. Wanda ya tambaye ka, bulo ka zo tayawa. Ka ji, ya waladi, ɗana?"

Sunan wurin Gangare. Ba za ka same shi a bakin kwandasta ba, ba kuma allon da ya nuna shi. Wani dogon rami ne da masu bulo suka shekara da shekaru suna haƙar laka a ciki, suka bar shi suka matsa gaba. Mutanen Jazira da aikin auduga ya mutu musu suka shiga ciki suka yi ɗakuna, gidajen ba su kai arba'in ba. Ta gabas Farin Nilu ne, da jerin bagaruwa a gaɓa, in ka tsaya kana hango rufin gidajen ƙira na unguwar Alshajara a ƙetare, in iska ta juyo har ƙarar guduma kana ji. Ta yamma kaminai ne a jere da tsibin bulo mai tsayin mutum biyu, bayansu kwalta. Ta kudu gonakin albasa da kuɓewa na wani Balarabe da ya bar su suna ɗibar ruwa a injinsa, sai 'yar maƙabarta. Ta arewa kuwa wani busasshen kwari ne da ke kawo ambaliya da damina, a bayansa shingen waya mai ƙaya, da tankin ruwa a sama, da filin soja har inda ido ya tsaya. Gangare kanta a cikin filin sojan take a takarda, shingen ne bai kawo nan ba. Daga kan titi ba abin da ake gani sai hayaƙi.

Wannan rashin ganin shi ne rayuwarsu, kuma sun tsare shi kamar yadda ake tsare alwala. Ba a gini ya wuce tsibin bulo. Ba a rufin kwano don yana ƙyalli, ba a shafa farar ƙasa a bango. Ladan ba shi da lasifika, a ƙofar masallaci yake tsayawa ya kira salla da muryar da iyakarta ramin. Ba a shigowa a ayari, mutum biyu ko uku, sai an jima wasu su biyo. Masu kamina sun sani sun yi shiru, don a nan suke samun ma'aikata. Samarin wurin kuwa ba sa shiga gari ko kaɗan saboda kasha, daga laka sai wuta, daga wuta sai gida.

Kawu Haruna na samu zaune a gadon igiya yana gyaran ragar kifi. Ban ce komai ba tukuna ya tsura min ido, ya ce, "Goshin Talatu ne." Ya kama hannuna da hannu biyu, ya ƙi saki. Ya tambaye ni mutane ɗaya bayan ɗaya, ina cewa ya rasu, ta rasu, har na ji kunya na fara cewa ban sani ba. Matarsa haifaffiyar Jazira ce, kowa Yumma yake ce mata, ni ma na bi. Ta ajiye min kisra, wainar dawarsu mai faɗi, da miyar kuɓewa, ta tsaya a kaina har sai da na sauke kwanon. Ɗansu ɗaya ne namiji, Usman, sa'ana, ƙato mai baƙin hannu saboda wuta. Hausarsa rabi Larabci ce, kuma daga ranar ya sa min suna Ustaz.

"Ustaz, kai ka zo daga Najeriya ka ga Khartum. Ni ga ta can ina hange, shekara uku ban taka gada ba. In an daina kasha, kai za ka zaga da ni, kwayyis?"

Na ce kwayyis, wato da kyau. Na saba da wurin, Juma'a ba ta wuce ni. A duk ƙasar Sudan nan ne kaɗai nake cire riga in miƙe ƙafa, in yi barcin rana ban dafe ƙirjina ba.

To, ga inda na yi wautar. Kafin in sami karatun nan na yi shekara biyu ina bin safiyo a ƙaramar hukumarmu, ina jan igiyar awo, daga baya aka bar min zanen filaye saboda hannuna na da kyau. Ina alfahari da wannan hannun, ba zan ɓoye ba. Wani ɗalibi zai tafi hutu gida, na zauna in rubuta wa Inna wasiƙa, na ga magana ba za ta ɗauki wurin ba. Inna ba ta karatu, amma in aka shimfiɗa mata zane aka ce ga kogi, ga ɗakin yayanki, za ta gane. Kawu ya gaya min duk dokokin Gangare, bai ce kada a zana ba, don wa zai kawo wa ransa haka? Ni ma ban tambaye shi ba, saboda na san abin da zai ce.

Ranar wata Juma'a da tsakar rana, kowa ya shige ɗaki saboda zafi, na zaga wurin ina ƙirga taku. Daga masallaci zuwa bakin ruwa, daga ɗakin Kawu zuwa kamina, daga kwari zuwa shingen waya. Na hau tsibin bulo na zauna da fensir. Da na tsaya a kan ɗakuna da bagaruwa da ya isa, amma hannun safiyo ba ya barin gefen takarda fari. Na sa kibiyar arewa. Na sa shingen, na sa tankin, na rubuta yawan taku a kowane layi. Can ƙuryar sama na ɗan zana gadar da nake hawowa, don Inna ta ga ta inda nake zuwa. A ƙetaren kogi na rubuta Alshajara da manyan baƙaƙe. Na duba na ji daɗi, na ce ko shugabana na da ba zai sami gyara ba. Na ninke na sa a littafin fiƙihu.

Da la'asar a bakin gada muka tarar da kasha. Aka sauko da mu, na zaro fasfo da katin makaranta, sojan ya duba ya miƙo min. Har na ɗaga ƙafa zan hau mota, wani na gefensa ya ce in kawo littafin. Ba ma karantawa ya yi ba, kama bangon ya yi ya girgiza. Takardar ta faɗo a kan takalminsa.

Ya buɗe, ya juya ta, ya kira na gaba da shi. Ina kallon yatsan mutumin yana bin shingen, ya tsaya a kan tanki, ya hau zuwa gada. Ya ɗago ya dubi gadar da muke tsaye a bakinta, ya sake duban takardar. Na buɗe baki in yi bayani, Larabcin da na yi shekara ina haddacewa ya gudu, ba abin da ya fito sai "ummi, ummi", wato uwata. Direba ya ja motarsa ya tafi. Ba wanda ya waiwayo, kuma ban ga laifinsu ba.

Da rigata aka rufe min fuska a mota. Inda aka sauke ni gida ne kamar na kowa, har da bishiyar lemun tsami a tsakar gida. Aka sa ni a wani ɗan ɗaki da ba taga, washegari da safe aka kai ni gaban wani mai jallabiya fara sol, mai magana a hankali kamar limami. Ban taɓa sanin sunansa ko muƙaminsa ba. Ya sa aka kawo min shayi, ya shimfiɗa takardar a tebur, ya danne gefenta da kofi.

"Aiki mai kyau," in ji shi. "Wa ya koya maka? Wa kuma za ka kai wa?"

Tun a ɗaki na riga na yanke shawara. In na faɗi gaskiya, na nuna musu Gangare, da Usman, da duk samarin da ke ciki. Sai na ce ƙauyenmu ne na Najeriya, kewar gida ce ta sa na zana. Kogin namu ne, shingen na gandun gwamnati ne, gadar ta hanyar kasuwa ce. Ya saurare ni har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya ɗora yatsa a ƙetaren kogin, ya karanta baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi.

"Ku ma kuna da Alshajara a can? Masha Allah."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce in koma in yi tunani, shi ba ya gaggawa. Wannan rashin gaggawar tasa ta fi mari ba ni tsoro.

Yini biyu na yi a ɗakin nan ina jin abin da ake yi wa wani a ɗakin da ke jikin nawa. Ban ga fuskarsa ba. Da farko yana ihu yana rantsuwa, daga baya sai nishi, daga baya na daina jin komai sai ƙarar bokiti. Duk takun da ya doso ƙofa sai in miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na yi salla ban san raka'a nawa ba. Na yi fitsari a wando sau ɗaya, ina faɗa ne don kada wani ya ɗauka jarumi ke ba da labari.

A yini na biyu mai gadin da ya kawo min wake ya ajiye kwanon, ya tsuguna kamar yana ɗaure takalmi, sai na ji Hausa a bakinsa.

"Ɗan uwa, ni ma iyayena daga can suke. In aka rubuta ka ɗan leƙen asiri, ba a nan za ka tsaya ba, kuma ba wanda zai san inda aka kai ka. In akwai gaskiya, ka faɗe ta gobe."

Har yau ban san ko tausayi ne ya sa shi ko aiko shi aka yi ba. Abin da na sani, na zauna ina auna abu biyu. Na tuna Usman da baƙin hannunsa, na tuna Yumma tsaye a kaina da kwano. Na kuma tuna Inna tana jiran ɗan da ba za a ma kawo mata gawarsa ba. Na yi ta gaya wa kaina ƙila ma sun san da wurin tun tuni, ƙila in sun ga talakawa ne za su ƙyale su. Duk na san yaudarar kai ce.

Da safe na faɗa. Ba wanda ya taɓa jikina ranar, ko tsawa ba a yi min ba. Ina zama na ce wurin yana bayan kaminai, kawuna ne a can, uwata na zana wa. Mai jallabiya ya ɗaga gira.

"Mutane? A cikin filin? Tun yaushe?"

A nan na gane ba su sani ba. Ya miƙe ya ce in gaskiya na faɗa sai in nuna.

A bayan a-kori-kura aka sa ni, tsakanin soja biyu, mai jallabiya a gidan gaba, wata babbar mota na bin mu. Rana ta take sosai. Muka bi kwaltar da na saba bi, da muka iso hayaƙi aka dube ni, na ɗaga hannu na nuna. Motar ta karya ta tsakanin kaminai ta hau kan tudun, Gangare ta bayyana a ƙasa gaba ɗayanta, da shanyar kaya da awaki da mata a bakin murhu. Na ga fuskoki suna ɗagowa. Ni suka fara gani, don ni kaɗai ne a tsaye ba kaki.

Samarin da ke kan aiki suka watse, wasu suka yi kogi, wasu gonar albasa. Ba su yi nisa ba. Usman ma bai gudu ba, yana saman kamina da shebur, ba ta inda zai sauka sai ta gabansu. Da aka wuce da shi ta kusa da ni jikinsa duk toka, ya dube ni ya ce, "Ustaz?" Tambaya ce kawai, ba zagi. Da ma ya zage ni.

Aka tara sauran mutane a ƙofar masallaci. Mai jallabiya ya sa aka sauko da ni, ya dafa kafaɗata, ya ce wannan ya ce yana da kawu a cikinku, in ƙarya yake yi a gaya masa, ya san inda zai kai shi. Ba mai kallona, kowa ƙasa yake kallo, kuma na san da za su yi shiru su bar ni da an ce sun yi daidai. Ina jin kukan Yumma daga wajen babbar motar.

Kawu Haruna ya fito a hankali yana dogara sanda. Bai dube ni ba. Ya tsaya gaban mutumin ya yi magana da Larabci, sannan ya maimaita da Hausa don jama'arsa su ji.

"Ɗan ƙanwata ne. Abin da ya faɗa gaskiya ne. Yaro ne, ba shi da wayo."

Da yamma aka sake ni a bakin wani titi, aka ba ni fasfona da littafina, aka riƙe takardar. Mamman ya buɗe min ƙofa, ya dube ni sama da ƙasa, karo na farko bai tsokane ni ba. Ruwan wanka ya ɗora min a wuta.

Sati biyar ban ƙetare kogi ba. Ina zuwa aji ina zama, ban san abin da ake faɗa ba. Da na gaji da kaina na je wurin Hajja Batul. Ta gan ni ta ci gaba da wanke kofuna. Na tsuguna na gaishe ta sau biyu, ba ta amsa ba. Can ta yi magana, idonta a kan ruwan wankin.

"Juma'a huɗu na yi ina auna ka. An shafa musu jan fenti a bango, bayan mako biyu katafila ta shiga. An kwashe su an kai yamma, can cikin rairayi. Samarin kuwa an gama musu horo."

Ta gaya min motar da zan hau, ba ta ba ni shayi ba, ni ma ban nema ba.

Tafiyar ta fi awa daga kasuwa, har gine-gine suka ƙare. Wurin fili ne fetal, ba kogi, ba bishiya ko ɗaya, ba tudun da zai tare iska. An kafa turaku a jere, kowane da lamba, mutane sun ɗaɗɗaura buhu da kwali a jikin sanduna. Ruwa a amalanken jaki ake kawo shi cikin ganga. Ina tafe ina tambaya, wasu da na sani suka juya min baya, wata tsohuwa ta tofar da yawu. Kawu na kwance a gadon igiyar nan, ya rame har na kusa wuce shi. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, kuka ya ci ƙarfina. Ya ɗora hannu a kaina ya ce in tashi, mutane na kallo, abin da Allah ya rubuta ya faru. Ya juya fuska bango, in ana iya kiran buhu bango.

Yumma nake tsoro. Tana zaune a waje a kan 'yar kujera, gefen gangar ruwa, ba ta ko motsa ba tun shigowata. Na je na tsuguna nesa kaɗan, na ce, "Yumma, ina wuni." Ta ɗebo ruwa rabin moɗa ta ajiye a gabana, na sha don ban isa in ƙi ba, yana da ɗumi da ɗanɗanon ƙarfe.

"Sun ce kai ka san awon ƙasa," ta ce.

Na sunkuyar da kai.

"A can na san ko'ina. Kogi na gabana, na san inda rana ke fitowa. Nan ko'ina ɗaya ne, kaina ya juye. An ce an kai su Kudu. Nuna min Kudu."

Na miƙe na dubi rana, na dubi inuwar turken lambarsu. Na ɗaga hannun nan dai na nuna mata. Babu komai a wajen sai rairayi da ledoji da iska ke kora.

"Da nisa?"

"Da nisa, Yumma."

"Tafiyar kwana nawa?"

Na ce ban sani ba. Ta tashi ta ɗaga kujerarta, ta juya ta wajen da na nuna, ta zauna ta ba ni baya. Na jima a tsugune ko za ta ƙara cewa wani abu. Har motar ƙarshe ta yi min hon ba ta waiwayo ba.